Ɗaliban Samaru da Aikin Bincike da Kwamfuta

Hakimai da magatakardansu sun saba ganin baƙi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, wadda aka buɗe a 1962, suna tambayar labarin gonaki ko na tsofaffin littattafai. Da yawansu masu neman digiri na uku ne, watau na dakta, wanda ba a ba mutum sai ya binciko abin da ba a sani ba.

A da, ɗalibi yakan kwashe watanni a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yana kwafa da hannu. Yanzu kuwa da kwamfuta da intanet yakan karanta mujallun Ingila da Amurka yana zaune a Samaru. Mai binciken noma yakan zuba lissafin ruwan sama na shekaru masu yawa, na'ura ta auna masa nan take. Amma fa na'ura ba ta da hankali. In an ba ta ƙarya, ƙarya za ta mayar. Saboda haka malamai suke horar da ɗalibi ya tantance kowace lamba, ya kuma faɗi inda ya samo kowace magana, gama akwai manhajar da take tona asirin mai satar rubutun wani. Buga kundi kuwa, wannan aikin shaguna ne.

Ana roƙon hakimai, in ɗalibi ya zo da takardar shaida daga jami'a, su lallashi masu littattafan ajami su bar shi ya ɗauki hotonsu a gabansu. Littafin ba zai bar gida ba, ko gara ta ci shi kuma, hoton yana nan. Magatakarda ya rubuta sunan ɗalibin da na littafin.