Yadda Mata Suka Kai Ga Akwatin Zaɓe

A shekarar 1893 aka shiga majalisar dokokin New Zealand da wata doguwar takardar koke ta neman a ba mata ƙuri'a, a naɗe kamar tabarma, aka warware ta a tsakar zaure. Kate Sheppard da abokan gwagwarmayarta ne suka bi gida-gida, har mata kusan 32,000 suka sa hannu a koke-koken wannan shekara. A watan Satumba doka ta fito, ƙasar ta zama ta farko da ta ba dukkan matanta ƙuri'a, har da 'yan asalin ƙasar, wato Maori. Finland ta biyo baya a 1906, kuma da shekara ta zagayo mata 19 suka shiga majalisarta.

A wurare da yawa kuwa, guntu-guntu aka riƙa sakin wannan haƙƙi. Magoya bayan Emmeline Pankhurst, mai fafutukar neman wa mata ƙuri'a a Birtaniya, sun sha ɗauri, da suka shiga yajin cin abinci a kurkuku aka riƙa yi musu ɗura da ƙarfin tsiya. Duk da haka, dokar 1918 ta tsaya ne a kan mata masu shekara 30 zuwa sama, su ma da sharaɗin mallakar dukiya. Sai a 1928 aka daidaita su da maza.

Amurka ta gyara tsarin mulkinta a 1920 ta ba mata ƙuri'a, amma jihohin kudu suka ci gaba da tare baƙaƙen fata da gwajin karatu da harajin zaɓe har zuwa 1965. Afirka ta Kudu ta ba fararen mata ƙuri'a a 1930, baƙaƙe suka yi ta jira har 1994. Mazan Switzerland ma sun yi fatali da batun a ƙuri'ar raba gardama ta 1959, ba su amince ba sai 1971.

Matan Nijar sun samu nasu gaba ɗaya a 1956, tun Faransa na mulki. A Najeriya kuwa, matan kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, na arewa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ba ta yi shiru ba. Ta sha duka, an ɗaure ta sau da dama, ba ta fasa hawa mumbarin siyasa ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan arewa rumfar zaɓe, kuma a 1979 suka jefa ƙuri'arsu ta farko ta zaɓen shugaban ƙasa.