Amanar Manajan Gudanarwa a Zauren Wasanni

Duk wanda ya halarci babban zauren wasanni, ya iske fitilu a kunne, kujeru a jere, mawaƙi kuma ya fito a kan lokacinsa, galibi ba ya tambayar wane ne ya yi wannan tadbiri, domin hankalinsa yana kan dandamali. Alhali kuwa a bayan labule akwai wani ma'aikaci da ake kira manajan gudanarwa, wanda amanar ginin da ta kowane rai da ya shigo cikinsa take wuyansa, tun daga sa'ar da aka buɗe ƙofa har mutum na ƙarshe ya fita.

Mu ɗauki zauren Royal Albert Hall na birnin Landan, wanda Sarauniya Victoria ta buɗe a 1871, mai ɗaukar mutum 5,272. A wannan ɗaki ɗaya an yi kaɗe-kaɗe, an yi dambe, an buga tanis, har kokawar Japanawa an yi. Saboda haka tsakanin tashin taron yau da buɗe na gobe, wajibi ne a kwance dandamali, a loda kaya, a sauke na baƙin da ke tafe, a jarraba wuta da lasifika, a share ko'ina, duka a cikin dare guda. Nauyin wannan hidima ne ya sa, a gyaran da aka yi wa ginin daga 1996 zuwa 2004, aka haƙa wa manyan motoci wurin sauke kaya a ƙarƙashin ƙasa. Shi manaja za ka gan shi da oba-oba a hannu da jadawali a ɗaya hannun, yana taɓa kowace ƙofar fita da kansa don ya tabbatar ba a jingine mata akwati ko tebur ba, sannan ya tara masu gadi da masu nuna wa jama'a kujera da ma'aikatan agajin gaggawa ya faɗa wa kowa matsayinsa.

A ganina, duk sauran ayyukansa rassa ne, asalin kuwa ƙofa ce da adadin mutane. Dalilin haka yana cikin tarihi. A ranar 16 ga Yuni 1883, a zauren Victoria Hall na garin Sunderland a Ingila, aka yi wa yara shelar rabon kyauta bayan wasa, suka ruga ƙasa ta matakala, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ta ciki an sa mata sakata, ba ta bar sarari ba sai na yaro ɗaya. Yara 183 suka rasu a wurin, ba gobara, ba rushewar gini. Daga wannan musiba aka tsananta hukuncin cewa ƙofofin fita su riƙa buɗewa ta waje, aka kuma ƙago ƙarfen nan da ake girkawa a jikinsu, wanda da an danna shi ƙofa ta buɗe. Masana sha'anin cinkoso sun bayyana cewa idan mutane suka haura biyar a kan murabba'in mita ɗaya, haɗari ya kusanto, idan kuwa suka ƙaru, sai taron ya koma tamkar ruwa, ba wanda ke mallakar ƙafarsa. Shi ya sa manaja na ƙwarai yake da ikon tsayar da wasa, ko da mawaƙi da mai kuɗin taron sun ƙi, kuma wannan iko, in an lura, shi ne mafi wuyar amfani da shi.

Kada a zaci zamanin irin wannan ya wuce. A daren 15 ga Disamba 2022, lokacin wasan mawaƙin Nijeriya Asake a zauren O2 Academy Brixton na Landan, jama'a suka yi turereniya a mashiga, aka katse wasan, daga baya mutum biyu suka rasu, ɗaya daga cikinsu ma'aikacin tsaro. Ƙaramar hukumar Lambeth, wadda zauren yake a yankinta, ta dakatar da lasisinsa, bai sake buɗewa ba sai a Afrilun 2024, bayan an gindaya masa sharuɗɗa 77, ciki har da ƙarfafa ƙofofi da sabon tsarin kula da cinkoso.