Hannu Yana Magani, Amma Ba Kowane Ciwo Ba

Ka yini a sunkuye kana noma, ko kin ɗauko itace a ka tun daga daji. Da dare sai baya ya riƙe. Irin wannan ciwo na tsoka ne, kuma hannu yana yi masa magani: tausa a hankali, gashi da tsumma mai ɗumi, da motsa jiki. Kada ka kwanta kwana da kwanaki, tafiya kaɗan-kaɗan ta fi. Yawanci yakan yi sauƙi kafin mako 6.

Ba mu kaɗai muka san amfanin hannu ba. A Amurka, wani likita mai suna Andrew Taylor Still ya buɗe makaranta a garin Kirksville a 1892, inda ake koyon gyaran gaɓoɓi da hannu. Ana kiran wannan ilimi ostiyofati. Masu shi sukan bincika mutum tukuna, gama akwai ciwon da ba a dannawa.

Na farko shi ne karaya. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko mutum ya faɗi da babur a hanyar Tignère zuwa Ngaoundéré. Mun san akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar, amma ido ba ya ganin ƙashi, sai an ɗauki hoto. Haɗarin kuwa yana wurin ɗauri. Wurin da ya karye yana kumbura, karan da aka ɗaure ba ya buɗewa, sai jini ya kasa wucewa. Cikin awa 6 nama yakan fara mutuwa. Dubi yatsun: in sun kumbura, sun yi sanyi, sun yi duhu, ko yaron ba ya jin taɓawa, ko zafin yana ƙaruwa, kwance ɗaurin nan take, ka kawo shi asibiti. Kada ka jira gari ya waye. Ta haka ne yara suke rasa hannu.

Na biyu, ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa. Wannan yana iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Ƙashin ya yi rauni. In aka taka shi ko aka murɗa, ƙafafu suna iya shanyewa. Magani yake so, na watanni.

In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, kada a tausa. A kwantar da mutum a kan katako, a kawo shi yau.