Kachala ta toshe kogi, rikici ya toshe jam'iyyu

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karin maganar ce ta faɗo mini a rai gab da zaɓen 2023, ranar da na halarci wani taron siyasa a garinmu Kafin Hausa. Tun daga azahar har aka kira magariba, zancen bai wuce wa aka ba shugabancin mazaɓa, wa aka hana, da kuma yaron gidan wa zai tsaya takara ba. Da aka tashi, wani dattijo manomin shinkafa ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko na ji wanda ya ambaci ruwa a cikinsu. Ambaliyar 2022 ta cinye gonarsa watanni kaɗan kafin ranar, kuma ban sami amsar da zan ba shi ba.

Rarrabuwar kai a cikin jam'iyya ba baƙuwarmu ba ce. Tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, PRP ta rabe gida biyu a 1980: 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suka bi Gwamna Abubakar Rimi. To amma wancan saɓanin a kan manufa aka yi shi, wato ko ya dace jam'iyyar talakawa ta haɗa kai da gwamnonin wasu jam'iyyu. Ko a lokacin, talaka ya riga ya ga amfanin ƙuri'arsa, domin gwamnatin PRP ta soke haraji da jangali.

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sai salon ya sauya. Gwamna Saminu Turaki ya bar ANPP ya koma PDP a 2006. Aminu Ibrahim Ringim, wanda ya yi wa PDP takarar gwamna a 2015 da 2019, ya fice zuwa NNPP a 2022, PDP kuwa ta tsayar da Mustapha Sule Lamido. A ɓangaren APC, babbar maganar ita ce Masarautar Haɗeja ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, har Allah Ya ba Malam Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, nasara a 2023. Ba na raina wannan koke, domin rabon mulki shi ma adalci ne. Sai dai a iya saurarona, muhawarar wa zai hau ta danne muhawarar me zai yi idan ya hau.

Alhali matsalar yankinmu ba ɓoyayya ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar yadda ya saba. Ruwan da ke kwance duk shekara ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka, wasu garuruwan ruwa ya mamaye gonakinsu, wasu kuma fadamunsu sun bushe. A cikin kachalar nan ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, su wayi gari a gonakin shinkafa da gero. Manomi da masunci da makiyayi, kowa ya ɗanɗana kuɗarsa, daga Auyo da Miga har zuwa Guri da Kirikasamma.

Gyaran wannan ya fi ƙarfin gwamna ɗaya, domin madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, kogin kuma ya ratsa Kano da Jigawa da Yobe. Aiki ne da ke buƙatar sanata da ɗan majalisar wakilai da na jiha su yi magana da murya ɗaya. Jam'iyyar da 'ya'yanta ba sa ga-maciji, yaushe za ta iya wannan?

Saboda haka kirana ga 'yan bokonmu shi ne, mu daina zaman 'yan kallo. Muna da Jami'ar Sule Lamido a nan Kafin Hausa, ga masana ruwa da na noma. Me zai hana a gayyato duk mai neman takara, tun kafin zaɓen fid da gwani, ya faɗa wa jama'a tsarinsa game da yashe kogi da lokacin sakin ruwan madatsu da tallafin waɗanda ambaliya ta shafa? Wanda ya kasa amsawa, wakilai su san abin da suke zaɓa.

Dattijon nan har yau yana jiran amsa. Allah Ya sa mu dace.