Hoton Ƙwaƙwalwa da Ciwon Makyarkyata: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Ba kowace makyarkyatar hannu ce cutar Parkinson ba. Wannan cuta, wadda wani likitan birnin Landan, James Parkinson, ya bayyana a shekarar 1817, tana faruwa ne sa'ad da wasu ƙwayoyi na can cikin ƙwaƙwalwa, masu yin sinadarin dofamin, suka riƙa mutuwa a hankali. Sai hannu ya kama rawa ko mutum yana zaune bai taɓa kome ba, gaɓoɓi su sanƙare, tafiya ta zama gajeren taku, rubutu ya ƙanƙance. Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin iskoki ba.

To, akwai waɗansu cututtuka masu kama da ita ƙwarai, amma maganinsu dabam. A nan ne hoton ƙwaƙwalwa yake da amfani.

Hoto na farko shi ne na na'urar MRI, wadda take aiki da maganaɗisu. Abin mamaki, a hoton MRI na yau da kullum ƙwaƙwalwar mai cutar Parkinson takan fito kamar ta mai lafiya. Watau likita yana neman wani abu ne dabam: ƙari, ko tabon toshewar ƙananan jijiyoyin jini, ko taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshe yakan sa tsoho jan ƙafa da mantuwa da kasa riƙe fitsari, kuma sau da yawa akan sami sauƙi idan aka yi aiki aka sa siririn bututu mai janye ruwan. Babbar hasara ce a bar irin wannan dattijo a ɗaka ana cewa tsufa ne. Haka kuma akwai cutar da ake kira PSP, mai sa yawan faɗuwa da baya da kasa juya ido ƙasa. A hotonta wani sashe na tushen ƙwaƙwalwa yakan motse, har ya yi kama da kan ɗan tsuntsu mai dogon baki.

Hoto na biyu ana kiransa DaTscan. An amince da shi a Turai a shekarar 2000, a Amurka kuwa a 2011. Akan yi wa mutum allurar wani sinadari a jijiya, a jira sa'a 3 zuwa 6, sa'an nan a ɗauki hoto. A ƙwaƙwalwar mai lafiya wurin dofamin yakan haska kamar waƙafi biyu, dama da hagu. Idan ƙwayoyin sun lalace, sai jelar waƙafin ta ɓace, ya koma kamar ɗigo. Da haka ake rarrabe cutar Parkinson da makyarkyatar nan ta gado wadda takan tashi sa'ad da mutum ya ɗauki kofi ko cokali, da kuma wadda waɗansu magunguna suke jawowa. Amma fa bai iya raba Parkinson da PSP ba, domin duka biyu ɗigo suke nunawa. Yana da tsada, ba kuwa ko'ina ake samunsa ba.

Saboda haka kada iyali su sayar da gona ko dabba don neman hoton da likita bai ce a yi ba. Yawancin masu wannan ciwo likitan ƙwaƙwalwa yana gane su ta hanyar tambaya, da duban tafiyarsu, da ganin yadda maganin lebodofa ya karɓe su.

Ranar zuwa asibiti, a tafi da dukan magungunan da majiyyaci yake sha, musamman na taɓin hankali irin su halofiridol da na hana amai irin su metokulofiramaid, gama su ma sukan kawo makyarkyata. Kada a daina shan su sai da iznin likita. Wanda kuma yake da ƙarfe a jiki, ko na'urar daidaita bugun zuciya, lalle ya faɗa wa ma'aikata kafin a shigar da shi ɗakin MRI.