Tsiron da ke ƙirge kafin ya kama ƙwaro

Manoman masara a kewayen Tamale sun san ɓarnar tsutsar nan da ta ɓulla a Ghana a 2016. Abin da ido ba ya gani shi ne, tsiro ba ya zama shiru idan an cije shi: yakan aika saƙo a cikin jikinsa. An fi ganin yadda saƙon ke aiki a wani tsiro mai cin ƙwari, Dionaea muscipula, wanda asalinsa fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka.

Ganyensa kamar baki yake, da 'yan gashi a ciki. Idan ƙuda ya taɓa gashi ɗaya, sai saƙon lantarki ya ratsa ganyen. Masanin Ingila John Burdon-Sanderson ne ya fara auna wannan saƙo a 1873. Amma taɓawa ɗaya ba ta rufe tarkon, sai an sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 30. Da haka tsiron ke kauce wa ɓata ƙarfinsa a kan ɗigon ruwan sama.

To, ta yaya yake tuna taɓawar farko alhali ba shi da ƙwaƙwalwa? A 2020 tawagar Mitsuyasu Hasebe a Japan ta nuna cewa sirrin yana ga sinadarin kalsiyam. Taɓawar farko na ƙara yawansa a cikin ƙwayoyin ganyen, daga nan ya riƙa raguwa sannu a hankali, kamar randa mai yoyo. Idan ta biyu ta zo kafin ya ragu sosai, sai ya haura iyaka, tarkon ya rufe cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tun a 2016 masana a Jami'ar Würzburg ta Jamus sun gano cewa wajen taɓawa ta biyar ne tsiron ke himmatuwa wajen haɗa ruwan narkar da ƙwaron.

Tsirran da ba sa cin ƙwari ma suna amfani da kalsiyam. Wani bincike na 2018 a kan tsiron Arabidopsis ya nuna cizon tsutsa na tayar da igiyar kalsiyam da ke isa ganyaye masu nisa cikin 'yan mintuna, su fara shirin kare kansu. Fahimtar wannan gargaɗi na iya taimaka wa masu samar da iri, irin na cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, wajen neman masarar da za ta fi jure wa tsutsa.