Yadda gyauron dawa ke zama dafi a cikin tumbin saniya

Makiyayan tsaunukan Jos sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa kan kayar da saniya nan take. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda shukar ke haɗa dafin a jikinta.

Tsirrai na ƙera wasu sinadarai uku na gina jiki, wato fenilalanin da tayirosin da tiriftofan, sannan su sarrafa su zuwa abubuwa iri-iri. Daga na farko ake samun lignin, mai ƙarfafa kara da itace. Na uku ne tushen sinadarin da ke sa tsiro ya miƙe ya bi hasken rana. Tayirosin kuwa yana da hannu a baƙin da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ke yi idan an fere shi ya sha iska.

Ita dawa tana juya tayirosin zuwa durin, wanda wasu masana biyu suka gano a Ingila a shekarar 1902. Makami ne na kare kai daga ƙwari, kuma shukar na ajiye shi nesa da sinadarin da ke fasa shi. Da zarar dabba ta tauna ganyen, sai su haɗu su saki gubar sayanayid, wadda ke hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi na gaggauta hakan, shi ya sa shanu da tumaki suka fi dawaki shiga hatsari.

Durin ya fi yawa a ƙaramar shuka, da gyauro, da dawar da fari ya tsumburar. Yakan ragu idan ta girma ko an shanya ta. Likitocin dabbobi na da allurar da ke karya dafin, amma sai an yi hanzari.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ta faro tun 1924, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Ga jami'an da ke tsara noman abincin dabbobi, ya dace duk shirin da ya ƙunshi dawa ya fayyace wa makiyayi lokacin yanka da lokacin sakin garke, domin saniya guda jarin gida ce.